Na je neman fim ɗin mayu, na ɓuge da labarin kofin azurfa

Mai shagon turin finafinai da ke bakin layinmu shi ne ya haɗa ni da fim ɗin The Witch, wato Mayya, bayan na gaya masa ina son fim mai ban tsoro da za mu kalla da daddare, ni da ƙanena da wani abokina da ya zo mana kwana biyu daga Zariya. Ya rantse mini cewa idan na gama shi ba zan iya fita kewaye ni kaɗai ba, ya ƙara da cewa mayu ne daga farko har ƙarshe. Kuɗin turi dai kowa ya san shi, ba abin da mutum zai tsaya ƙorafi a kai ba ne, amma daga baya na gane cewa bawan Allahn nan bai taɓa kallon fim ɗin ba. Sunan ya gani, da hoton baƙin bunsurun da ke jikin fasta, sai ya ƙirƙiro sauran bayanin da kansa. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya gara ya dakata a nan, domin ba zan iya faɗin abin da ke raina ba sai na tona yadda labarin ya ƙare.

Fim ɗin shi ne na farko da Robert Eggers ya ba da umarni, kuma ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Sundance a 2015 kafin a kai shi gidajen sinima a 2016. Labarin ya faru ne wajajen 1630 a yankin arewa maso gabashin Amurka da ake kira Sabuwar Ingila, inda wasu Kiristoci masu tsananin riƙo da ake ce wa Furitan suka yi ƙaura daga Ingila suka kafa ƙauyukansu. Wani magidanci mai suna Wiliyam ya saɓa da shugabannin ƙauyensu a kan fahimtar addini, girman kai ya hana shi janye maganarsa, aka kore shi, ya ɗora matarsa Katarin da 'ya'yansa a kan amalanke suka je suka kafa gida su kaɗai a bakin wani ƙungurmin daji. Ba a yi minti goma da farawa ba jaririnsu ya ɓace a hannun babbar 'yarsu Tomasin, tana cikin yi masa wasan rufe ido da tafin hannu. Ta rufe, ta buɗe, yana dariya. Ta sake rufewa, ta buɗe, babu shi. A nan duka mu ukun muka gyara zama, muka ce lallai mai shago ya yi gaskiya.

Daga nan kuma sai fim ɗin ya kwanta. Uwa tana kuka tana addu'a, uba yana faskare, masara tana ruɓewa a gona, tagwayen gidan, ƙannen Tomasin, suna bin bunsuru da waƙa, kyamara ta tsaya tana kallon bishiyoyi kamar an manta da ita a kunne. An yi kusan rabin awa a haka, har ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, wai yaushe za a fara fim ɗin?" Abokina kuwa tuni ya koma danna waya. Ga duhu, domin an ɗauki fim ɗin ne da hasken rana da na kyandir, kuma kwafin da aka tura mini an matse shi don kada ya ci wuri, saboda haka duk fitowar da aka yi da dare sai ta zama baƙaƙen dunƙule-dunƙule suna motsi a allon kwamfuta. Ga kuma Turancin, wanda ba na makaranta ba ne, Turanci ne na shekaru kusan 400 da suka wuce, wanda a ƙarshen fim ɗin aka rubuta cewa an tsinto da yawansa daga littattafan tarihin rayuwa da takardun kotu na wancan zamani. Mutumin da ya fito a matsayin uban yana da wata irin murya mai kauri kamar daga cikin rijiya take fitowa, rabin abin da yake faɗa ba ma kamawa. Sai da muka tsayar da kallon, na sayi data, na nemo rubutun da ake sakawa a ƙasan allo, sannan muka ci gaba. A lokacin na riga na yanke hukuncin cewa an cuce ni, kuma da ni kaɗai ne da na kashe na kwanta.

Abin da ya sauya mini ra'ayi ba mayya ba ce, kofi ne. Katarin tana da wani kofin azurfa da ta taho da shi daga Ingila, abu ɗaya mai daraja da ya rage mata daga gidansu. Mijinta ya ɗauke shi a ɓoye ya yi musanyarsa da kayan farauta, saboda ya ga amfanin gona ba zai kai su ƙarshen hunturu ba, kuma ya gaya wa ɗansa Kaleb wannan sirri a cikin daji, ya ja masa kunne kada ya faɗa. Da daddare suna zaune kan abinci, ga kyandir a tsakiya, sai uwar ta dubi Tomasin ta tambaye ta ina kofin. Yarinyar ta ce ba ta sani ba. Uwar ta ci gaba da matsa mata, tana magana da irin muryar da ke nuna cewa ba kofin kaɗai take tambaya ba, har da jaririn da ya ɓace a hannunta. Uban yana zaune a wurin, ya san inda kofin ya tafi, ya san 'yarsa ba ta da laifi, ɗansa ma ya sani kuma yana satar kallonsa, amma ya kasa buɗe baki ya ce shi ne. Ya yi 'yar maganar kwantar da tarzoma, ya bar zargin a kan yarinyar. Babu kiɗa mai firgitarwa a wurin, babu abin da ya faɗo daga sama, amma ni a nan na ji tsigar jikina ta tashi, na ajiye kofin shayin da ke hannuna.

Dalili kuwa shi ne na taɓa ganin irin wannan shirun da idona. Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya, a ƙauyen kakannina, wani yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi a tsakiyar bazara, wuyansa ya sanƙare, ya shiga sambatu. A cikin sambatun ya ambaci sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan gidansu, kuma kafin la'asar magana ta gama gari cewa ta kama masa kurwa. Aka je aka jawo ta, zanenta yana kwancewa tana riƙewa da hannu ɗaya, aka tsayar da ita a tsakar gida aka ce sai ta tsallake shi sau uku ta sake shi. Tana rantsuwa da Allah tana kuka, mata suna ce mata kukan munafunci ne. A cikin taron akwai wani kawuna, mutum mai karatu, wanda na ji shi da kunnena tun da safe yana gaya wa kakata cewa wannan ciwo sanƙarau ne, a nemi mota a kai yaron asibiti. Yana tsaye a jikin zaure, hannunsa a baya, bai ce uffan ba har aka gama. Tsohuwar ta tsallake, yaron bai tashi ba, washegari aka kai shi asibiti ya rasu a can. Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen daddawarta, kuma jikokinta mata sun daɗe ba su samu mijin aure a garin ba, tunda an ce maita gado ce. Na yi shekaru ban tuna da fuskar kawun nan a jikin zaure ba, sai da na ga fuskar Wiliyam a kan teburin abinci.

Daga wannan fitowa na daina jiran mayya, na koma kallon gidan, sai na ga cewa duk jinkirin da muke ƙorafi a kai aiki yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da daraktan ya ɓata lokacinsa a kai shi ne nuna mana tsagar. Kowa a gidan yana ɓoye wani abu. Uban ya ɓoye kofi da gazawarsa, domin ba ya iya noma, ba ya iya farauta, ranar da ya auna zomo ma albarushin bindigarsa ne ya tashi a fuskarsa. Kaleb ya yi wa uwarsa ƙarya cewa tuffa suka je nema a daji, yana kuma fama da tunanin da ke zuwa wa yaro mai tasowa wanda babu wata mace a duniyarsa sai yayarsa. Iyayen suna ƙus-ƙus da dare a kan su tura Tomasin aikatau gidan wasu, ba su san yaran suna ji ba. Ita kanta Tomasin, don ta tsorata ƙanwarta da ta dame ta da tsiwa a bakin rafi, ta ce mata ai ita ce mayyar dajin, maganar wasa da ta dawo ta zama igiyar rataye ta. Akwai kuma wata tambaya da Kaleb ya yi wa ubansa wadda ta tsaya mini a rai: shin jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, wato wankan shiga addinin Kirista, wuta zai shiga? Uban ya kasa ba shi amsa mai sanyaya zuciya, domin aƙidarsu ta ce an haifi kowa da zunubi kuma babu wanda ya san wanda aka zaɓa. Ni da na tashi a kan cewa ana haihuwar kowane jariri a kan fiɗira, sai na ji tausayin yaron ya kama ni, na gane nauyin da ke kan ƙirjin mutanen gidan tun kafin wani abu ya fito daga daji.

Ƙololuwar fim ɗin a wurina ita ce rasuwar Kaleb. Ya ɓace a daji, ya dawo cikin ruwan sama ba ya cikin hayyacinsa, aka kwantar da shi, iyali suka kewaye shi za su yi addu'a. Tagwayen suka ce sun manta addu'ar, suka zube ƙasa suna birgima suna nuna Tomasin, suna cewa ita ta hana su. Yaron ya amayo tuffa guda, ya yi wata doguwar addu'a yana murmushi kamar wanda ke ganin wani abu a sama, sannan ya cika. Wannan yaro ya yi wasan da manyan jarumai da yawa ba za su iya ba, kuma a lokacin abokina ya kifa wayarsa a kan tabarma bai sake ɗauka ba. Abin da ya biyo baya ya fi, inda uban ya ja Tomasin waje yana lallaɓa ta ta amsa laifi, ita kuma ta fashe ta gaya masa gaskiyar da kowa ya sani: shi ya sayar da kofin ya bari aka zarge ta, shi ya jawo su wannan daji, kuma babu abin da ya iya a duniya sai faskare. Duk itacen da muka gaji da ganin yana sara tun farko, ashe tara mana shi ake yi saboda wannan jimla. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma mutumin ya taka nasa ya kama 'ya'yansa uku ya kulle su a ɗakin awaki, ya buga katako da ƙusa a ƙofar. A daidai nan da an tambaye ni, da na ce ban taɓa kallon fim mai ban tsoro da ya kai wannan ba.

To amma fim ɗin bai tsaya a nan ba, kuma abin da ya yi a minti goma sha biyar na ƙarshe ya ɓata mini rai fiye da yadda jinkirin farko ya yi. Da gari ya waye an farfasa ɗakin awakin, tagwaye sun ɓace, baƙin bunsurun nan da suke kira Filib ya tunkuyi uban ya kashe shi, tarin itacensa ya rufto masa. Uwar ta haukace ta shaƙe Tomasin, yarinyar ta kashe ta don ceton ranta. Har zuwa nan ban da ja. Sai dare ya yi, Tomasin ta bi bunsurun ta roƙe shi ya yi mata magana, ya kuwa amsa da muryar mutum, ya yi mata tayin man shanu da riga mai kyau da jin daɗin duniya, ta sa hannu a littafinsa, ta bi shi cikin daji ta tarar da taron mayu suna kewaye da wuta, ta tashi sama tare da su tana dariya. Na ji kamar an mare ni. Na shafe awa guda ina tsaye a bayan yarinyar nan ina cewa ƙarya ake yi mata, ina ganin tsohuwar ƙauyenmu a jikinta, sai fim ɗin ya juyo ya ce mini ai bunsurun Shaiɗan ne da gaske, tagwayen da ke cewa yana yi musu magana ba su yi ƙarya a kansa ba, mayun ma suna nan. Wato da matan da suka taru a tsakar gidan nan za su kalli wannan fim, cewa za su yi, ka gani ko, ai mun faɗa.

Mun kai ƙarfe ɗaya na dare muna musu a kan wannan. Abokina ya ce ni ne ban kalla da kyau ba, domin tun a farkon fim ɗin an nuna mayyar da abin da ta yi wa jaririn, saboda haka ba a taɓa yi mini alkawarin cewa babu ita ba. A ganinsa Tomasin ba mayya ba ce sai da iyayenta suka mai da ita, sun kira ta da sunan har ya bi ta, kuma lokacin da ta sa hannu a littafin ba ta da uwa, ba ta da uba, ba ta da abinci, ba ta da garin da zai karɓe ta. Ya ce, "Malam, wannan dariyar da ta yi a sama ba ta nasara ba ce, ta wanda ya rasa komai ce." Na yarda maganarsa tana da ƙarfi, kuma na san cewa daraktan ya kira fim ɗinsa tatsuniyar Sabuwar Ingila, wato ya ɗauki abin da mutanen wancan zamani suka yi imani da shi ya nuna shi yadda suke ganinsa. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne tarihin da ke gaba da labarin. Shekaru kusan sittin bayan zamanin da aka sa fim ɗin, a 1692, a garin Salem na wannan yanki, an zargi mutane fiye da 200 da maita, an rataye 19, an danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya tashi sama. Mai fim ɗin a wannan yanki ya girma, ya san wannan tarihi fiye da ni, ya kuma zaɓi ya ba mayun jiki da jini. Wannan zaɓi nasa ne, ni kuma ban ji daɗinsa ba.

Ƙanena nasa ra'ayin daban yake da namu duka. Shi a wurinsa wannan ƙarshen da nake kuka da shi shi kaɗai ne fim, sauran duk wa'azi ne da faskare, kuma da an fara da bunsuru mai magana tun a minti na ashirin da ya ba shi maki cikakke. Ba shi kaɗai ba ne a wannan. Lokacin da fim ɗin ya fita a Amurka masu sharhi sun yaba shi ƙwarai, amma 'yan kallon da aka tambaya a ƙofar sinima ƙaramin maki na C- suka ba shi, domin an tallata musu shi a matsayin abin firgita sun je sun tarar da rikicin cikin gida da tsohon Turanci, kamar dai yadda mai shagon layinmu ya yi mana. Duk da haka fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 4 ya dawo da kusan miliyan 40, kuma yarinyar da ta fito a Tomasin, Anya Taylor-Joy, daga nan tauraronta ya fara haskawa.

Bayan mako guda na samo kwafi mai kyau na sake kallo ni kaɗai da abin sauraro a kunne, kuma dole in faɗi gaskiya, rabin ƙorafina na duhu laifin kwafin farko ne. A wannan karon na ga zaren da ke jikin tufafinsu, na ga datti a farcen uban, na ga jinin da ya fito maimakon madara lokacin da Tomasin ke tatsar akuya, wanda a kallon farko ban ma gane mene ne ba. An ɗauki fim ɗin ne a wani lungu na lardin Ontariyo a Kanada, aka gina gidan da rufin ciyawa yadda ake ginawa a wancan ƙarni, kuma wahalar ta fito a ido. Na kuma lura da yadda kyamara ke yawan komawa kan ruɓaɓɓiyar masarar, abin da ya tuna mini da ra'ayin da wata mai bincike ta kawo a 1976 cewa wata irin funfuna da ke kama hatsi, mai sa mutum gane-gane da fizge-fizge, tana iya zama cikin abin da ya haddasa fitinar Salem. Na so in riƙe wannan in ce duk abin da iyalin suka gani gubar hatsi ce da yunwa da tsoro, har na fara sassautowa. Sai dai bayanin bai zauna ba, domin jaririn ya ɓace da rana tsaka, kuma an nuna mana mayyar a wurin da babu ɗan gidan ko ɗaya da zai yi mafarkinta. Da na sake isowa ƙarshen, haushin ya dawo sabo.

Akwai wani abu kuma da mai shagon ya kamata ya gaya mini bai gaya mini ba, wato akwai tsiraici a fim ɗin, a farko da kuma a ƙarshe, ga abin da aka yi wa jaririn wanda ko da ba a nuna shi ƙuru-ƙuru ba ya isa ya tayar wa mai jego hankali. Na ji kunya ƙwarai da abin ya fito ina zaune da ƙanena, na yi ta lalube ina neman maɓallin turawa gaba a cikin duhu. Ba fim ba ne na kunnawa a falo iyali suna zaune, kuma ba na wanda ya dawo daga aiki a gajiye yana son abin da zai sa shi zabura ya yi dariya ba ne.

Idan maki zan bayar, daga fitowar kofi zuwa lokacin da aka buga ƙusa a ƙofar ɗakin awaki zan ba shi tara cikin goma ba tare da na yi tunani ba, ƙarshen kuwa ba zai wuce huɗu ba, kuma har yau ban san yadda zan haɗa su su zama lamba ɗaya ba. Ƙanena ya goge shi daga wayarsa a daren, ya koma shagon ya karɓo wani mai aljanu da ƙarar ƙofa. Abokina ya tura wa kansa kafin ya koma Zariya, ya kuma kira ni bayan kwana uku don kawai ya ƙara kare yarinyar. Nawa yana nan a kwamfuta, na sake buɗe shi sau biyu tun daga lokacin, kuma duka biyun wurin teburin abincin na nufa kai tsaye, na kashe kafin bunsurun ya buɗe baki.